Hanyar Omaha ta 2025: Gasar da Ta Yayyaga Takardar Kwamiti

Jama'a, idan akwai gasar da ta kai ta besbol ta jami'o'in Amurka iya kunyata masana, to ni dai ban gan ta ba. Ta shekarar 2025 kuwa ta wuce misali. Kwamiti ya zauna ya yi ta aune-aune, ya tsamo ƙungiyoyi 64, ya fito da takardarsa ranar Litinin 26 ga Mayu. Kafin wata Litinin ɗin ta zagayo, an yi waje da ƙungiyar da ya ba lamba ta ɗaya, ta biyu ma ta bi sahu, kowacce a filinta, a gaban magoya bayanta. Wata 'yar ƙaramar jami'a ta jihar Kentucky, wadda filinta ba ya ɗaukar mutum dubu, ita kuma sai ga ta a Omaha, inda ake buga zagayen ƙarshe. Wanda ya kalli wannan gasa bai ji daɗi ba, a duba lafiyarsa.

Daɗin abin tun daga ranar zaɓe yake farawa, don haka bari mu soma daga can. Jami'o'in da ke buga besbol a babban mataki na hukumar NCAA sun kai wajen 300, kuma an karkasa su rukuni-rukuni. Suna fara kaka a tsakiyar Fabrairu, kowacce ta buga wasanni har zuwa 56 kafin ƙarshen Mayu. Kowane rukuni yana da tikiti ɗaya na kai tsaye, wanda galibi zakaran gasar ƙarshen kaka ta rukunin ke ɗauka, ko da kuwa duk shekara ana lallasa shi. A 2025 irin wannan tikiti 29 ne. Sauran 35 na gayyata ne, suna hannun kwamiti, shi ke cewa wane ya shigo, wane ya koma gida. Daren Lahadi ake bayyana jami'o'i 16 da za su karɓi baƙunci. Washegari, Litinin ɗin ƙarshe ta Mayu, ranar da Amurkawa ke hutun tunawa da sojojinsu da suka rasu a fagen fama, sai a karanto cikakken jadawali a tashar ESPN2 da tsakar ranarsu, wato ƙarfe biyar na yamma a Najeriya da Nijar.

Wallahi ina son wannan sa'a guda kamar yadda nake son wasan ƙarshe. Za ka ga an kai kyamara ɗakin taron wata ƙungiya, samari talatin da 'yan kai sun yi jugum, koci ya harɗe hannu a bayansu, ana ta kiran sunaye. Waɗanda suka san sun shiga, damuwarsu ita ce gidan wa za a tura su. Waɗanda ke bakin gaɓa kuwa, kowace shiyya aka karanta babu sunansu, sai ka ga wani ya sunkuyar da kai. Da sunan ya fito a allo, ɗakin sai ya kaure da ihu, kujeru na faɗuwa, ƙato na rungumar ƙato yana hawaye. A wani garin kuma, a daidai wannan lokaci, an kashe talabijin, kaka ta ƙare. A 2025 cikin waɗanda ba a kira ba har da Texas A&M, wadda ta buga wasan ƙarshe a 2024, kuma masana suka ɗora ta a kan kowa kafin a fara kaka. Ka ji fa.

Ma'aunin da ya fi kowanne tayar da jijiyar wuya shi ne wanda ake kira RPI. Lissafinsa ba shi da wuya: kashi 25 cikin ɗari daga nasarorinka, kashi 50 daga nasarorin waɗanda ka kara da su, kashi 25 daga nasarorin waɗanda su kuma suka kara da su. Tun 2013 aka ƙara masa wani gyara, nasarar da ka samo a gidan wani ana ƙirga ta 1.3, wadda ka samu a gidanka kuma 0.7. An yi haka ne don a rage wa jami'o'in arewacin ƙasar asara, domin a Fabrairu da Maris filayensu na cikin ƙanƙara, dole su yi makonni suna yawon bugawa a kudu. Duk da haka, kashi uku cikin huɗu na makinka yana hannun wasu ne. Idan kana cikin rukunin manya, ko an ci ka makinka ba ya faɗuwa sosai. Idan kana cikin na ƙanana, kana iya cin wasa makinka ya ragu, saboda wanda ka doke ɗin ba shi da abin a zo a gani. Shi ya sa a ƙarshen kaka ake samun masu horarwa da ke soke wasan tsakiyar mako da ƙananan makarantu, wai kada a ɓata musu lissafi. Wannan ɗabi'a tana ba ni haushi ƙwarai, kuma ita ce babban tabon da nake gani a tsarin.

Abin da ma'aunin ya haifa a 2025 shi ne: rukunin SEC na kudu maso gabas, mai jami'o'i 16, ya samu kujeru 13, adadin da ba a taɓa ba wani rukuni ba. Cikin masu masaukin baƙi 16 ma, takwas nasa ne: Vanderbilt, Texas, Arkansas, Auburn, LSU, Georgia, Ole Miss da Tennessee. Lamba ɗaya zuwa huɗu duk na gida ɗaya. Ranar kuwa an sha surutu. Mu riƙe wannan magana, za mu dawo kanta bayan mun ga abin da fili ya ce.

Tsarin gasar, wanda ake bi tun 1999, shi ne ya sa nake cewa duk wanda ya ƙirƙiro shi ya cancanci jinjina. Ana raba 64 ɗin zuwa shiyya 16, kowacce ƙungiya huɗu, a filin mai masauki, daga Juma'a zuwa Lahadi ko Litinin. Ba a fitar da kai sai an doke ka sau biyu. Kwamiti na duba kusancin garuruwa wajen tura baƙi, kuma ba ya haɗa 'yan rukuni ɗaya a shiyya ɗaya. Zakarun shiyyoyin 16 sai su haɗu bibbiyu a mako na gaba, wanda ya fara cin wasa biyu cikin uku ya wuce. An tsara shi ta yadda shiyyar lamba 1 za ta haɗu da ta lamba 16, ta 2 da ta 15, haka har ƙasa. Takwas ɗin da suka tsira su ne ke tafiya birnin Omaha na jihar Nebraska, inda ake buga College World Series tun 1950.

Ga sirrin da ke sa ƙanana su kayar da manya. A besbol, mutum ɗaya, mai jifa, shi ne rabin wasa. Kuma hannun ɗan'adam ba inji ba ne: wanda ya yi jifa ɗari a yau, sai ya huta kwanaki kafin ya sake. Ko ƙaramar makaranta tana iya samun gwanin mai jifa guda, kuma shi za ta sa ranar Juma'a a gaban mai masauki. Mai masaukin kuma yana cikin tsaka mai wuya: ya fito da gwaninsa tun ranar farko a kan wanda ya raina, ko ya adana shi don wasan Asabar? In ya adana aka ci shi, ya faɗa layin waɗanda aka doke, inda zai buga wasa huɗu a jere cikin kwana uku, wani lokaci biyu a rana ɗaya, kuma ba halin ya sake faɗuwa. Zuwa daren Lahadi masu jifa sun ƙare, koci na leƙen benci yana neman duk wanda hannunsa ke motsi. A nan ne ake ganin wasan da ake tashi 19 da 8. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan gasa miyar takan ƙare ne da yammacin Lahadi.

To, mu shiga Nashville. Vanderbilt ta zo da kofin gasar ƙarshen kaka ta SEC a hannu, ga lamba ta ɗaya, ga koci Tim Corbin wanda ya ci kofin ƙasa a 2014 da 2019. An turo mata Louisville, East Tennessee State da Wright State. Tun wasan farko alama ta nuna, don da ƙyar ta sha a hannun Wright State, 4 da 3. Asabar Louisville ta doke ta 3 da 2. Lahadi sai ga Wright State ɗin nan dai, ta jihar Ohio, lamba ta huɗu, wato ta ƙarshe a shiyyar, ta dawo ta rama 5 da 4. Shi ke nan! Tunda aka fara wannan tsari, ba a taɓa samun lamba ta ɗaya ta ƙasa da ta kasa kaiwa ko wasan ƙarshe na shiyyarta ba sai ranar. Wasa uku, kowanne da tazarar maki ɗaya, aikin wata huɗu ya tafi.

Na Austin, gidan Texas, ya fi ma ɗaci. Koci Jim Schlossnagle ya bar Texas A&M ya koma wajen babbar abokiyar gabarta, Texas, kwana ɗaya bayan wasan ƙarshe na 2024, abin da magoya bayan A&M ba su yafe ba. A shekararsa ta farko, wadda kuma ita ce ta farkon Texas a SEC, ya ɗauki kambun kakar rukunin. Sai kwamiti ya turo masa UTSA, reshen Jami'ar Texas da ke San Antonio, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota. Ƙanwa ta zo gidan yaya ta doke ta 9 da 7 ranar Asabar, ta sake doke ta 7 da 4 ranar Lahadi. Texas mai kofin ƙasa shida, a filinta. Ni da ba ni da kowa a San Antonio, sai da na miƙe tsaye.

Amma labarin shekara na Murray State ne, kuma a nan zan ɗan zauna. Jami'ar tana garin Murray a yammacin Kentucky, ta shigo da tikitin rukunin Missouri Valley, kocinta Dan Skirka. Kwamiti ya ba ta lamba ta huɗu a shiyyar Oxford, gidan Ole Miss, filin da ke cika da mutum sama da dubu goma. A al'ada lamba ta huɗu takan buga wasa biyu ta hau bas. Waɗannan yara kuwa suka doke Ole Miss 9 da 6 a daren farko, suka doke Georgia Tech 13 da 11. Ole Miss ta farfaɗo ta yi musu dukan kawo wuƙa, 19 da 8, kowa ya ce to, mafarki ya ƙare, an farka. Daren Litinin, wasan a-mutu-ko-a-yi-rai, Murray State ta yi nisa da maki, Ole Miss ta yi ta biyo ta tana rage tazara, filin na girgiza da ihu, har ya rage saura maki ɗaya. A haka aka tashi, 12 da 11. Wanda ya kalli zango uku na ƙarshe na wasan nan a zaune, ya cika jarumi.

Sati na gaba suka tafi gidan Duke, wadda ita ma ta je har Athens ta fitar da Georgia. Duke ta ci wasan farko 7 da 4. Murray State ta mayar da martani 19 da 9, sannan ta ci na uku 5 da 4. Da haka ta zama ƙungiya ta huɗu a tarihi mai lamba ta huɗu a shiyyarta da ta kai Omaha, bayan Fresno State a 2008, Stony Brook a 2012 da Oral Roberts a 2023. Fresno State ma kofin ta ɗauke gaba ɗaya a waccan shekara, bayan an ci ta wasa 31 a kakar. Wace gasa ce kuma ke ba da irin wannan?

Kada in manta Baton Rouge, gidan LSU, domin da abin ya ɗan karkata, da labarin shekarar duka ya canja. Little Rock ta shigo gasar alhali wasannin da aka ci ta sun fi waɗanda ta ci yawa. Kofin rukunin Ohio Valley ne kawai ya buɗe mata ƙofa. Irin ƙungiyar da masu RPI ke cewa ba ta da hurumin zama a nan. Ita ce ta doke LSU 10 da 4 ranar Lahadi, ta tilasta wasan raba gardama. Litinin kuma ta shiga gaba 5 da 1, filin Alex Box ya yi tsit kamar an yi rasuwa. LSU ta farga ta ci 10 da 6. Ƙungiyar da za ta ɗaga kofi bayan sati uku, kiris ya rage wadda ba ta ci rabin wasanninta ba ta sallame ta tun a matakin farko.

Da aka gama ƙirga, masu masauki bakwai cikin 16 sun faɗi a gidajensu: Vanderbilt, Texas, Georgia, Ole Miss, Clemson, Oregon da Southern Miss. Oregon ko wasa ɗaya ba ta ci ba.

A mataki na biyu, haɗin da ya fi ɗaukar hankali shi ne Arkansas da Tennessee, lamba 3 da lamba 14. Ko kwamiti ya yi da gangan ko lissafi ne ya faɗa haka, na gode masa. Tennessee ce ke riƙe da kofi, kocinta na lokacin, Tony Vitello, kuma ya yi shekaru yana mataimakin kocin Arkansas, Dave Van Horn. Malami da ɗalibi a Fayetteville, malami ya ci biyu a jere. Arizona ta sha kashi 18 da 2 a wasan farko a gidan North Carolina, ta share fuska ta ci biyun da suka rage. Coastal Carolina ta je Auburn ta share ta. Louisville ta wuce Miami, UCLA ta tsayar da UTSA, Oregon State ta fitar da Florida State, LSU ta gama da West Virginia.

Sai ka dubi takwas ɗin Omaha: Arizona, Arkansas, Coastal Carolina, Louisville, LSU, Murray State, Oregon State da UCLA. Babu ko ɗaya daga cikin takwas ɗin 2024 da ta dawo. A 2024 kuwa rukuni biyu ne kawai suka raba kujerun, SEC huɗu, ACC huɗu, abin da ya sa wasu suka fara cewa gasar ta zama ta 'yan gida biyu. Bayan shekara ɗaya sai ga gabas, ga yamma, ga manya, ga ƙanana, har da Oregon State da ta buga kakar ba ta cikin kowane rukuni bayan wargajewar rukuninta na Pac-12, ta yi ta yawo a jirgi tana neman abokan karawa. Wannan jerin ya yi mini daɗi fiye da yadda zan iya faɗa.

Omaha kuwa ba a magana. Filin Charles Schwab yana ɗaukar mutum wajen 24,000, shi ya gaji tsohon filin Rosenblatt a 2011. Gasar ta fara ne a 1947 a Kalamazoo ta jihar Michigan, inda California ta doke Yale, kuma cikin 'yan wasan Yale na lokacin akwai George H. W. Bush, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. 'Yan jami'a da sandar ƙarfe suke bugu, ba ta katako irin ta ƙwararru ba, kuma ƙarar da take yi idan ta haɗu da ƙwallo, wanda ya saba da ita ko daga wani ɗaki ya jiyo ya san an buga mai kyau.

Ranar 16 ga Yuni aka yi abin da zan daɗe ina ba da labari. Murray State da Arkansas, duk wanda aka ci ya tafi gida. Arkansas ta sa Gage Wood. A besbol kana buƙatar fitar da masu bugu 27 kafin ka gama wasa mai zango tara. Wood ya fitar da 19 daga cikinsu da jifansa kaɗai, ba tare da masu tsaron fili sun taɓa ƙwallo ba, kuma har aka tashi babu ɗan Murray State ko ɗaya da ya samu bugun da ya kai shi kusurwar farko. Mutum ɗaya tak ya taka kusurwar, shi ma ƙwallo ce ta same shi a zango na takwas. Jifa 119, aka tashi 3 da 0. Sau uku kacal aka taɓa hana abokan karawa irin wannan bugu har aka tashi wasa a Omaha, kuma rabon da a gani tun 1960. Ka tuna fa, waɗannan su ne yaran da suka zuba wa Duke maki 19 kwana takwas kafin nan. Zuciyata na tare da Murray State, amma daga zango na bakwai na koma roƙon kada kowa ya ɓata wa yaron nan tarihinsa. Haka wasan yake, yana sa ka canja sheƙa ba ka sani ba.

Ita kuma Arkansas, Allah sarki. Har zuwa 2025 ba ta taɓa cin kofin nan ba. A 2018 saura fitar da mutum ɗaya ta ɗauka, ƙwallo ta tashi sama ta faɗo tsakanin 'yan wasanta uku, Oregon State ta farfaɗo ta tafi da kofi. A 2025, a wasan kusa da na ƙarshe da LSU, ta shiga gaba 5 da 3 a farkon zango na tara. A rabin zangon na ƙarshe wata ƙwallo ta kuɓuce wa mai tsaron hagu, LSU ta farke, sannan Jared Jones ya buga wadda ta goga safar hannun mai tsaron kusurwa ta biyu ta wuce. An tashi 6 da 5. Idan kana da aboki mai goyon bayan Arkansas, ka riƙa yi masa magana a hankali.

Wasan ƙarshe ya haɗa lamba 6 da lamba 13. Coastal Carolina, ta garin Conway a South Carolina, ta iso da nasara 26 a jere, ba a doke ta ba tun cikin Afrilu. Ita ce ta ɗauki kofi a 2016 a zuwanta na farko Omaha, kuma a ganina kwamiti ya rage mata mudu da ya ajiye ta a ta 13. Rukuninta na Sun Belt ne ya ja mata, ba wasanta ba. Ta tabbatar da haka da ta share Auburn, lamba 4, sannan ta bi ta kan Arizona, Oregon State da Louisville ba tare da tuntuɓe ba. Abin da ya tsayar da ita mutum ɗaya ne, Kade Anderson, bahagon mai jifa na LSU. Ya yi jifa 130, ya kai wasan ƙarshensa shi kaɗai, ya fitar da mutum 10 da jifa, LSU ta ci maki ɗaya a zangon farko ta zauna a kansa har aka tashi, 1 da 0. A watan Yuli ƙungiyar Seattle Mariners ta ɗauke shi a matsayi na uku cikin duk sababbin 'yan wasan shekarar. Washegarin wancan wasa, a karawa ta biyu, alƙali ya kori kocin Coastal, Kevin Schnall, tun a zangon farko saboda gardama kan jifa, tare da ɗaya daga cikin mataimakansa. Ni dai ban ji daɗin wannan hukunci ba. A wasan da ake neman kofin ƙasa, kamata ya yi alƙali ya fi haka haƙuri. LSU ta ci 5 da 3 ranar 22 ga Yuni. Kofinta na takwas ke nan, na biyu cikin shekara uku a hannun koci Jay Johnson, kuma jami'ar USC mai 12 ce kaɗai ke gabanta.

Yanzu mu koma kan kujeru 13 na SEC. Masu suka suna da hujja: cikin 13, huɗu ne suka tsallake shiyya, biyu suka kai Omaha. Masu kare kwamiti su ma suna da tasu: kofin dai SEC ya sake komawa, karo na shida a jere, daga Vanderbilt a 2019, Mississippi State a 2021, Ole Miss a 2022, LSU a 2023, Tennessee a 2024, zuwa LSU a 2025 (a 2020 annobar korona ta hana gasar). Ra'ayina shi ne, ƙarfin rukunin gaskiya ne, amma ba shi ya kamata ya saya wa ta goma sha biyu da ta goma sha uku kujera ba. Na fi son a ba zakaran kakar wani ƙaramin rukuni da ya yi tuntuɓe a gasar mako ɗaya, domin UTSA da Murray State sun nuna abin da irinsu ke iyawa idan an buɗe musu ƙofa.

Sai dai duk lokacin da na kai nan a gardama, akwai wanda zai jefo mini Ole Miss ta 2022, kuma dole in saurara. A waccan shekara ta ci wasa 14 aka ci ta 16 a cikin SEC, ita ce ta ƙarshe da kwamiti ya tsamo, aka bar NC State a waje mutane na ta kumfar baki. Aka tura ta Miami a matsayin lamba ta uku, ta share shiyyar, ta je Hattiesburg ta hana Southern Miss ko maki ɗaya a wasa biyu, ta doke Oklahoma a wasan ƙarshe ta ɗauki kofinta na farko. A shekarar ce kuma Tennessee mai lamba ta ɗaya, wadda ta ci wasa 57, Notre Dame ta fitar da ita a gida. Daga 1999 zuwa 2025, sau biyu kacal lamba ta ɗaya ta ɗauki kofin: Miami a 1999 da Tennessee a 2024. To wa zai ce ya san wanda ya cancanci kujerar ƙarshe? Wannan gardama ba ta ƙarewa, kuma ni ba na so ta ƙare, don ita ce ke cika mana sati tsakanin Litinin ɗin zaɓe da Juma'ar farko.

Hukuncina a kan gasar 2025: ta ci maki goma cikin goma, har da RPI ɗinta da alƙalinta mai saurin fushi. Mai karatu, ko ba ka taɓa kallon besbol ba, ka sa ido a Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu. Ka samo jadawalin a intanet, ka bar manyan sunaye, ka zaɓi lamba ta huɗu guda ɗaya daga kowace shiyya ta yi maka, ka bi ta daga ranar Juma'a. Wasannin dare na Omaha sukan fara ne wajen ƙarfe goma sha biyun dare agogon Najeriya, don haka ka tanadi shayi da cajin waya.